Kogin Da Ke Cikin Waya

Ba yaron ƙasar Haɗeja da za a tsaya yi wa bayanin kogi. Ruwan nan namu daga wajen Kano ya ke tasowa, inda Kogin Kano da Kogin Calawa suka gamu. Ya biyo ta Wudil da Ringim, ya ratso ƙasarmu, ya bazu cikin fadamu har wajen Nguru. Can gaba ya haɗu da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi.

Albarkar ruwan nan ba ta ƙidayuwa. Da shi mutanen Auyo su ke noman shinkafa rani da damina. Cikinsa masunta su ke kama tarwaɗa da karfasa, a yi banda, a kai kasuwar kifi ta Haɗeja, fatake su saya su yi Kudu da shi. Tsuntsaye ma su kan taso tun daga ƙasashen Turai su zo dausayin Baturiya su yi hunturu.

Amma kun sani ruwan nan ya kan yi fushi. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka gama ta Calawa, duk da haka bai daina ambaliya ba. A 2020, da kuma 2022, ya cinye gonaki da gidaje masu yawa a ƙasar Haɗeja, har mutanen gari suka riƙa kwana suna cika buhuna da ƙasa, suna ɗaga jinga, don kada ya shigo musu.

To, kun taɓa jin wanda ya ce a daina zuwa kogi sabo da wannan? Babu. Abin da a kan yi shi ne a koya wa yaro iyo, a nuna masa mashigi, a nuna masa inda zurfi ya ke, kuma ba a barinsa ya shiga shi kaɗai sai ya ƙware.

Yau akwai wani kogi da ya shigo ƙasarmu, wanda ba ya bin kwari, cikin wayar hannu ya ke gudu. Sunansa intanet. Yayyenku da ke sakandare sun riga sun tsunduma ciki, ku ma nan da 'yan shekaru za ku shiga. Sabo da haka ya kamata ku san halinsa tun kuna bakin gaɓa.

Mene Ne Intanet?

Intanet hanya ce da ta haɗa kwamfutoci da wayoyin duniya, har su iya aika wa juna rubutu da murya da hoto. In ka aika da saƙo daga Haɗeja, wayarka za ta miƙa shi ga ƙarfen sabis da ke kusa da kai. Daga can sai ya bi ta cikin wani irin zaren gilashi, siriri kamar gashi, wanda aka binne a ƙasa. In saƙon na ƙetare ne, sai ya gangara Legas, ya bi manyan wayoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Duk wannan tafiya kafin ka ƙifta ido an gama ta. Ran 14 ga Maris 2024 waɗansu daga cikin wayoyin nan na teku suka lalace, sai intanet ya yi ta tangal-tangal a Nijeriya da maƙwabtanta, har aikin bankuna ya sami cikas.

A 2001 aka fara aiki da wayar salula irin ta yanzu a Nijeriya. Kafin nan, mai son aika saƙo sai ya rubuta wasiƙa, ko ya ba direban mota sallahu. Yanzu manomi yana zaune a gonarsa zai ji farashin shinkafa a Kano. Hukumar NiMet ta kan ba da hasashen damina kowace shekara, mai waya ya gani, ya san lokacin shuka. Tun 2015 da kwamfuta a ke rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, watau ɗalibin da bai iya ta ba ya makara. Wani ɗan Haɗeja ma, Kashifu Inuwa Abdullahi, shi aka naɗa a 2019 ya shugabanci NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa duka. Ashe kuwa ba abin gudu ba ne.

Sai dai akwai hali uku na intanet da za ku riƙe. Na fari, ba ka ganin wanda ka ke magana da shi. Na biyu, abin da ka aika ya tafi ke nan, ko ka goge naka, wani ya riga ya ajiye nasa. Na uku, magana ɗaya ta kan kai ga mutum dubu kafin rana ta faɗi. Daga cikin halayen nan uku duk haɗarinsa ya ke fitowa.

Mai Ƙugiya

Masunci ba ya jefa ƙugiya tsirara, sai ya sa mata tana. Kifi ya ga tana, bai ga ƙarfe ba. Haka 'yan damfara su ke yi.

Ga misali. A ce wani manomi ya sayar da shinkafarsa, an zuba masa kuɗi a banki. Shi bai yi boko ba, ɗansa mai shekara goma sha huɗu shi ke karanta masa saƙo. Ran nan ya tafi gona ya bar wayar tana caji, sai ga kira. Yaro ya ɗauka, ya ji murya mai daɗi, da Hausa tsantsa.

"Samari, ina Baba?"

"Ya tafi gona."

"Ayya! Daga banki ne. Yau da azahar za a rufe asusunsa in ba a sabunta shi ba. Yanzu za ka ga wata lamba ta shigo wayar. Yi maza ka karanto mini, kada kuɗin Baba su salwanta."

In yaron nan ya karanta lambar, noman shekara guda ya tafi. Gama lambar nan mabuɗi ce da banki ya kan aiko wa mai asusu shi kaɗai, don ya tabbatar shi ne ke son fitar da kuɗi. In kuwa ya ce, "Bari Baba ya dawo, za mu zo bankin da kanmu," ya kashe waya, to, ya tsirar da gidansu da magana ɗaya. Ku sani banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrin katinsa, ko lambar da aka aiko masa ta saƙo. Haka kuma lambar BVN da ta NIN, masu alƙaluma goma sha ɗaya-ɗaya, ba a karanta wa baƙo su a waya.

Da irin wannan dabara a ke sace wa mutane WhatsApp. Wani ya ce zai sa ka cikin zauren masu samun tallafi, ka aiko da lamba mai alƙaluma shida da ta shigo maka. Da ka aika, ya ƙwace shafinka, ya shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka.

Waɗansu kuma tanarsu riba ce. Su ce ka kawo dubu goma, wata ya zagayo ka karɓi dubu goma sha uku, ba saye ba sayarwa. Haka wani shiri mai suna MMM ya yi ta yi wa mutanen Nijeriya, har a Disamba 2016 ya rufe, kuɗin jama'a suka maƙale. Da kuɗin waɗanda suka shigo daga baya a ke biyan na farko, ran da sababbi suka ƙare, sai ginin ya rushe. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Alamun mai ƙugiya uku ne, ku haddace su. Ya kan ce ka yi sauri. Ya kan yi maka alkawarin abin da ba ka yi wahalarsa ba. Ya kan ce kada ka gaya wa kowa.

Baƙon Da Ba A Ganin Fuskarsa

In baƙo ya sauka a unguwa, mai unguwa zai san daga ina ya fito, wa ya kawo shi. A intanet ba haka ba ne. Ƙato mai gemu ya kan sa hoton yarinya, ya ce shekarunsa goma sha biyar. Ya fara da gaisuwa da yabo, ya aiko da katin waya kyauta. In an saba, sai ya ce a aiko masa da hoton da bai kamata ba. Da hoton ya shiga hannunsa, sai murya ta sake. Ya ce, "Ko ka turo kuɗi, ko in nuna wa iyayenka da 'yan makarantarku."

Wannan ba tatsuniya ba ce. A Yuli 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ba da sanarwa ya rufe shafuka wajen 63,000 na Instagram a Nijeriya, waɗanda a ke irin wannan mugun aiki da su. Yara maza ma ba su tsira ba, su a kan fi nema da wannan dabara.

Wanda abin nan ya sama, kada ya biya ko kwabo, gama in ya biya yau gobe za a dawo. Kada kuma ya goge saƙonnin, shaida ce. Ya daina amsawa, ya je ya gaya wa babba nan da nan. Makamin mugun nan ɗaya ne, kunyar yaro. Ran da yaro ya buɗe baki ya faɗa, makamin ya karye.

Kada kuma ku gaya wa baƙon waya sunan makarantarku, ko unguwarku, ko lokacin da ku ke fita. In ya ce ku haɗu a wani wuri, ku kai maganar gida.

Jita-Jita

A Yuli 2014 cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin watan Agusta, wani dare, sai saƙo ya bazu ta wayoyi, wai kowa ya tashi ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha, wai shi ne maganin cutar. Ɗan'uwa ya kira ɗan'uwa, maƙwabci ya buga wa maƙwabci ƙofa, kafin gari ya waye labari ya game ƙasa, Kudu da Arewa. Ƙarya ce. Gishiri ba ya maganin Ebola. Mutane da yawa suka kwanta asibiti don gishirin da suka sha, har waɗansu suka rasu. Waɗanda suka yaɗa saƙon nan yawancinsu alheri suka yi nufi, sai dai ba su tsaya sun bincika ba.

Ku duba yadda wannan ya shafe mu. Da damina, in wani ya rubuta wai madatsar Tiga ta fashe, ruwa na tafe, mutane su kan iya ruɗewa su gudu su bar dukiyarsu a banza. In kuma ƙarya ta yi yawa, ran da gargaɗin gaskiya ya zo, sai a ƙi tashi. Ga shi yanzu akwai na'urorin da ke iya ƙera hoton abin da bai faru ba, su kwaikwayi muryar mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Sabo da haka kafin ka tura wa wani labari, tambayi kanka: Wa ya faɗa? Yaushe? An faɗa a rediyo? Hakimi ko dagaci ya san da shi? In ba ka sami amsa ba, bar shi ya mutu a hannunka.

Harshe Da Lokaci

Wani haɗarin kuma daga cikinmu ya ke fitowa. 'Yan aji ɗaya su buɗe zaure a waya, su sa yaro ɗaya a gaba da ba'a, su ɗauki hotonsa ba da saninsa ba, su yi ta dariya. Zagin filin wasa da an tashi ya wuce, amma na waya ya kan bi yaro har kan tabarmarsa, har ya ƙi zuwa makaranta. Magana zarar bunu ce. Abin da ba za ka iya faɗa wa mutum a gaban mahaifinsa ba, kada ka rubuta masa. In ka ga ana yi wa wani, kada ka taya dariya, kada ka tura gaba.

Sa'an nan ga ɓarnar lokaci. Masu yin TikTok da irinsa sun tsara su ne yadda da hoto ɗaya ya ƙare wani zai fito, irin wanda ka fi so, don ka daɗe kana kallo, su kuwa su sami kuɗin talla. Yaro ya ce zai duba kaɗan bayan isha'i, sai ya ji carar zakara. Gobe a aji sai gyangyaɗi. Akwai kuma caca ta ƙwallo da a ke yi a waya, wadda ta kan fara da naira ɗari, ta ƙare da taɓa kuɗin gida.

Aikin Iyaye

A nan ne kogin nan biyu suka bambanta. A Kogin Haɗeja uba ya fi ɗa sanin ruwa. A na waya kuwa, sau da yawa ɗa ya fi uba sanin inda a ke latsawa. Don haka waɗansu iyaye su kan ce, "Mu ba mu san abin nan ba," su sakar wa yaro. Kuskure ne babba. Yaro ya san waya, amma bai san mutane ba. Uban da ya shekara talatin yana ciniki a kasuwa, da jin muryar macuci ya gane shi, ko bai iya karanta harafi ɗaya ba. Uwa kuma da ganin fuskar 'yarta ta san akwai abin da ke damunta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. In an haɗa sanin yaro da hankalin babba, ɗan damfara ba shi da ƙofa.

Ga abin da ya kamata iyaye su yi. Kada a yi gaggawar saya wa yaro waya tasa ta kansa. Su kansu kamfanonin Facebook da Instagram da TikTok sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, a 2024 kuwa majalisar ƙasar Ostareliya ta kafa doka ta kai abin shekara 16. In an ba yaro waya, a yi amfani da ita a tsakar gida ko a zaure, inda ido ke gani, da dare kuma ta kwana a ɗakin iyaye. Uba ya riƙa cewa, "Zo ka nuna mini abin da ka gani yau. Wane ne wannan? Ɗan gidan wa ne?" Kamar dai yadda ya ke tambayar abokan da ke sallama da ɗansa a ƙofar gida.

Babban abu duka shi ne wannan: in yaro ya zo ya ce, "Baba, na yi kuskure," ko yarinya ta ce, "Inna, wani yana tsorata ni," kada a fara da bulala. Wanda ya faɗa ruwa, tsamo shi a ke fara yi, faɗa sai an hau tudu. In yara sun san duka za su sha, za su ɓoye, ɓoyon nan kuwa shi macuci ke so. Wanda ya ji nauyin iyayensa, ya gaya wa yayarsa, ko gwaggo, ko kawu, ko kaka.

Aikin Makaranta Da Hukuma

Makaranta ita ce inda a ke koyon iyo. Aikin malami ne ya nuna wa yara yadda a ke yin kalmar sirri mai wuyar ganewa, ba sunan mutum ko shekarar haihuwarsa ba. Ya nuna musu yadda a ke toshe mai damunsu, da yadda a ke kai ƙararsa ga masu shafin. Ya kawo labarin ƙarya da na gaskiya a aji, a gwada ko za a iya rarrabewa. Ya kamata kowace makaranta ta sa malami ɗaya da malama ɗaya waɗanda yaro zai iya kai wa kuka a asirce, ba tare da an tona shi a gaban taro ba. In an yi taron iyaye da malamai, hedimasta ya sa maganar waya cikin abin da za a tattauna, don dokar gida da ta makaranta su zama ɗaya. Kowace shekara, wata Talata cikin Fabrairu, ƙasashe da yawa su kan yi ranar faɗakarwa a kan zaman lafiya a intanet. Makarantunmu ma suna iya yin tasu.

Hukuma kuma ba ta yi barci ba. A 2015 Nijeriya ta kafa dokar laifuffukan intanet, aka yi mata gyara a 2024. Ta haramta damfara, da tsoratar da mutane, da ajiye ko yaɗa hotunan batsa na yara, ta kuma tanadi ɗauri da tara. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye kamfani zai yi aiki da bayanan yaro. Wanda aka cuta yana iya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. In kuɗin banki ne aka taɓa, a garzaya banki tun da wuri a sa su rufe asusun.

Kun tuna yadda a ke yin jinga? Mutum ɗaya ba ya yinta. Wani na haƙa, wani na riƙe bakin buhu, wani na ɗauka, yara ma na kawo ruwan sha. In kuwa yaro ya ga inda ruwa ya fara tsattsafowa, ba ya tsayawa toshewa da tafin hannunsa, gudu ya ke yi ya kira manya. To, haka za ku yi da waya. Duk abin da ya ba ku tsoro, ko ya sa ku kwaɗayi, ko aka ce ku ɓoye, ku ajiye wayar, ku je ku faɗa wa babba tukuna.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne garuruwa Kogin Haɗeja ya biyo kafin ya iso ƙasarmu?
2. Faɗi hali uku na intanet.
3. Mene ne alamu uku na ɗan damfara?
4. Me ya faru a Agusta 2014, kuma wane darasi muka koya?
5. Don me bai kamata iyaye su fara da duka ba in yaro ya kawo kuka?
6. Rubuta sunayen manya uku da za ka iya gaya wa in wani abu ya dame ka a waya.